Filin Tambayoyin Masu Mota: Haibirid mai caji, yaushe take cin wuta yaushe take shan fetur?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 saƙonnin da ke shigowa wannan fili suka sauya, da can tambayar giya ce da birki da yadda za a gane bakanike mai amana, yanzu kuwa kowa lita yake tambaya. A 'yan makonnin nan saƙonni sun taru a kan mota guda, wato haibirid ɗin nan mai murfi biyu, a zuba mata fetur ta nan a jona mata wuta ta can kamar wayar hannu. Na zaɓo waɗanda nake ganin za su amfani mutane da yawa, wasu na ɗan rage musu tsawo.

TAMBAYA: Salam Injiniya, ya aiki ya iyali. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, ina zaune Rijiyar Zaki, kullum sai na ajiye yara a makaranta sannan in wuce sakatariya in dawo da yamma, na auna zuwa da dawowa bai wuce kilomita 35 ba. Wani abokina dila ya nuna min mota mai murfi biyu ya ce in na saya na rabu da gidan mai. Abin da ban gane ba shi ne wa ke zaɓa mata wuta ko fetur, ni ne ko ita? Kuma idan cajin ya ƙare a tsakiyar titi tsayawa za ta yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, lafiya lau alhamdu lillahi. Ka fara kwantar da hankalinka kan ta biyun, ba za ta tsaya ba, muddin akwai fetur a tanki tafiyarta za ta ci gaba da yi, kai wani lokacin ma ba za ka ji sanda ta sauya ba.

Amma bari mu rarrabe tukuna don a kasuwa komai haibirid ake ce masa. Akwai haibirid ta asali irin Toyota Prius da ta fara fitowa a Japan a 1997, ita batirinta ɗan mitsitsi ne, yunit ɗaya da ɗan wani abu yake ɗauka, yunit ɗin nan dai da kake saye a mitar gidanka, ba ta da wurin caji, inji da birki ne ke cika shi kuma aikinsa kawai ya tallafa wa injin. Akwai mai lantarki zalla da ba ta da tanki sam. Wadda aka nuna maka ita ce ta tsakiya, injin fetur cikakke, tanki cikakke, ga kuma batir da ya ninka na haibirid ta asali sau goma ko fiye a yawancinsu. BYD na Chaina ne ya fara fito da irinta kasuwa a ƙarshen 2008, Chevrolet Volt ta biyo a Amurka ƙarshen 2010, Mitsubishi Outlander kuma a 2013.

Zaɓin kuwa kwamfutar motar ce ke yi, kai naka tuƙi. Da safe in ka zare waya batir a cike, batirin take fara ci, injin fetur yana kwance kamar babu shi. Haka za ta yi ta ci har ya sauko wani mataki da kamfani ya saita, allon gabanka ya nuna sifili, to amma wannan sifilin na ido ne kawai, akwai ajiya da ta ɓoye wadda ba ta bari ka cinye. Daga nan sai ta koma haibirid ta asali, injin fetur ya tashi ya ja motar ya ɗan zuba wa batir, ka tsaya a danja ya mutu da kansa, ka taka birki injin lantarkin da ke jan motar da wutar batir ya juye ya zama janareto ya kwashe ƙarfin gudun da da zafi zai zama a birki ya mayar cikin batir, ka saki birki ta tashi da wannan 'yar wutar. Haka za su yi ta miƙa wa juna har ka isa gida.

Kwanakin baya na bi wani ɗan'uwana Zariya a tsohuwar Outlander ɗinsa, kuma a nan na ga abin da idona. Mun shiga gosulon Na'ibawa, motar shiru, ba ka jin komai sai fankar esi da hon ɗin 'yan adaidaita, a allo kibiya ɗaya ce daga batir zuwa tayoyi. Da muka hau babban titi ya zo wuce wata tirela ya danna totur har ƙasa, nan take muka ji inji ya tashi da ƙara alhali caji bai ƙare ba, sai ga kibiya ta biyu ta fito daga inji. Yana gama wuce tirelar ya sassauta ƙafa, injin ya sake mutuwa. Kafin mu kai Kura cajin ya ƙare gaba ɗaya, daga nan har Zariya kibiya daga inji kai tsaye take zuwa tayoyin gaba, sai in ya rage gudu a gari ta sake komawa batir.

Abin da ya faru shi ne Outlander tana da hali uku. In batir ya isa, batir kaɗai. In ana buƙatar ƙarin ƙarfi ko caji ya yi ƙasa a ƙaramin gudu, injin fetur yana tashi amma ba shi da haɗi da taya, janareto kawai yake juyawa, ka ɗauka kamar ka ɗora janareto a but yana ba injin lantarki wuta. In kuma gudu ya kai wajen kilomita 70 ya miƙe, sai wani kulochi ya kama ya haɗa injin da tayoyin gaba kai tsaye. Na BYD na yanzu kusan haka suke. Toyota tata dabarar daban ce, wasu haƙoran giya ne ke raba ƙarfin inji tsakanin taya da janareto a lokaci guda, su kuma yawancin na Turai irin BMW da Mercedes injin lantarkin suke cusawa tsakanin inji da giyar da muka sani. Hanya daban daban amma dalilin ɗaya ne. Injin fetur ya fi asara a tsaya-tafi da zaman gosulo, ya fi kyau in an bar shi a gudu ɗaya miƙaƙƙe. Injin lantarki kuwa tun daga tsaye yake ba da ƙarfinsa duka kuma in mota ta tsaya ba ya cin komai, amma babban gudu yana zuƙe batir da sauri don iska ce ke tokare motar, in ka ninka gudu tokarewar iska sau huɗu take ƙaruwa. Shi ya sa aka ba wa kowanne inda ya fi iyawa.

Yanzu ga naka lissafin. Kada ka yarda da kalmar "mai caji" kawai, ka tambayi girman batir. Prius mai caji ta 2012 yunit 4.4 ne batirinta, kilomita 18 kawai take yi da wuta. Volt ta 2016 yunit 18.4, tana yin 85. Toyota RAV4 Prime ta 2021 yunit 18.1, kilomita 68. Outlander ta 2023 mai yunit 20 tana yin wajen 61. Duk waɗannan awon hukumar kare muhalli ta Amurka ne, kuma a sabuwar mota. Kai da kake yin 35 a rana, da esi a kunne a zafin Kano, ka nemi wadda takardarta ta ce 55 zuwa sama, don esi zai ci nasa shekaru ma sun ci nasu. In ka samu irin wannan kuma kana iya cika ta kullum da dare, to maganar abokinka tana da ƙamshin gaskiya, za ka iya yin makonni ba ka leƙa gidan mai ba. In ba ka da inda za ka jona ta kullum, to ka karanta amsar Hajiya da ke ƙasa kafin ka biya kuɗi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni daga Kaduna nake, ɗana ya turo min hoton wata mota daga intanet an rubuta wai lita 1 take sha a kilomita 100. Tawa ta yanzu ko daga Barnawa zuwa Kawo na je na dawo sai na ga allura ta motsa. Don Allah wannan maganar gaskiya ce ko talla ce?

AMSA: Hajiya barka kadai, Allah ya raya ɗa. Ba ƙarya suka rubuta ba, amma kuma ba abin da za ki gani ba ne sai da sharaɗi, kuma wannan sharaɗin ne ba a rubutawa da manyan baƙi.

Yadda ake gwajin a Turai, ana fara shi ne da batir a cike, a auna motar tana cin wuta, a sake auna ta bayan caji ya ƙare, sannan a haɗa lissafin bisa zaton cewa mai motar yawancin tafiyarsa da wuta zai yi. To kin ga lita 1 ɗin nan ba ta ƙirga wutar da aka ci ba, kuma ta ɗauka kullum ana caji. RAV4 mai caji, wato Prime ɗin nan ta 2021, a takardar Turai lita 1 aka rubuta mata, amma ita wannan motar dai in caji ya ƙare, a awon Amurka, lita 6 da ɗan ɗoriya take sha a kilomita 100. 'Yar'uwarta RAV4 haibirid ta asali da ba a jona wa wuta ba ta ma kai 6 ɗin ba, don mai cajin ta fi ta nauyi da sama da kilo 200, nauyin batir ne take yawo da shi ko da ciki babu komai.

Kuma an bincika an gani a zahiri. Cibiyar ICCT mai binciken harkar sufuri ta fitar da rahoto a 2022 kan motocin nan a Turai, ta samu cewa na masu zaman kansu suna shan mai kamar ninki uku na abin da ke takarda, na kamfanoni da ake ba ma'aikata kuwa kusan ninki biyar. Dalilin na kamfani a fili yake, an ba mutum mota an ba shi katin shan mai kyauta, wutar gidansa kuwa shi zai biya, ga tafiye-tafiye masu nisa, me zai sa ya jona? Hukumar Tarayyar Turai ma a 2024 ta duba bayanan da motocin da kansu ke ajiyewa ta ce hayaƙin da suke fitarwa a titi ya ninka na gwaji sau uku da rabi. Wannan fa a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa ke nan.

Ni abin da ke damuna shi ne mutum ya tara kuɗin guminsa ya sayi mota don ya ga lamba a hoto. Haka a 2024 BYD suka fito da wasu motoci suka ce suna yin kilomita 2,100 da tanki ɗaya da caji ɗaya, motocin suna da tsimin mai ƙwarai ba musu, amma wannan awon gwaji ne mai sassauci, ba hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari da kaya da esi ba. Ki ce wa ɗanki ya nemo miki lambobi biyu kawai, kilomita nawa take yi da wuta zalla, kuma lita nawa take sha in caji ya ƙare. Waɗannan biyun su ne motar.

TAMBAYA: Injiniya ni ɗan kasuwa ne a Gombe. Wuta a unguwarmu wata rana a samu wata rana babu, amma ina da janareto kuma ina shirin sa sola. Zan iya cajin motar da janareto? Kuma tsakani da Allah cajin ya fi fetur araha?

AMSA: Alhaji wannan tambayar taka ita ce ta fi kowacce muhimmanci a wannan makon, bari mu zauna mu yi lissafin tare da RAV4 ɗin da na ambata tunda lambobinta a hannu suke.

Cika ta daga sifili yana cin wajen yunit 15 daga bango, ka samu kilomita 68. Wannan kilomita 68 ɗin in da fetur ta yi shi, lita 4 da ɗan kaɗan ne. To yanzu ka ɗauko farashinka. Masu Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, a watan Afrilun 2024 aka kai musu yunit naira 225, daga baya aka ɗan rage ya tsaya sama da 200 kaɗan. Yunit 15 ke nan naira dubu uku da 'yan kai. In muka ɗauka lita naira 900 ce, lita huɗu da ɗoriya bai kai dubu huɗu ba. Ka ga akwai rangwame amma ba irin wanda ake zuzutawa ba ne, 'yan ɗaruruwa ne a kowane caji. Babban sauƙin da mutum ke ji in ya baro tsohuwar jif mai shan lita 12 ko 14 a gari, yawancinsa daga ɓangaren haibirid ɗin yake zuwa, kuma wannan ko mara caji za ta ba ka shi. Masu ƙananan band yunit ɗinsu ya fi araha nesa ba kusa ba, su ne cajin zai yi wa daɗi a aljihu, sai dai su ne kuma wutar ba ta zama musu. Soket na gida da wayar da ke zuwa da motar yana ba da wajen kilowat 2 da ɗan abu, wato kana buƙatar awa shida zuwa bakwai. Ba dole sai a jere ba, in an ɗauke an dawo yawancinsu suna ci gaba, kuma rabin caji ma riba ce.

Janareto kuwa, Alhaji ka bar wannan maganar. Ƙaramin nan mai haɗin mai da baƙin mai ko kilowat ɗaya ba ya kaiwa, ba zai ma ɗauka ba. Babba zai ɗauka amma ka duba abin da kake yi, ƙananan janareton fetur ba su cika ba da yunit biyu a lita ba, ke nan kafin ka tara yunit 15 ka ƙona lita takwas ko fiye don ka yi tafiyar da injin motar zai yi maka da lita huɗu. Injin Toyota ɗin nan yana mayar da kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin fetur zuwa aiki, janareton gida ko rabin haka da ƙyar. In fetur ne a hannunka, ka zuba a tankin motar kawai. Banda haka wayar cajin tana da wani akwati mai duba wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke ce wa at, in babu ita da yawa ƙin caji suke yi, kuma janareto da yawa ba a haɗa musu.

Sola ita ce inda abin yake yin ma'ana a wajenmu don rana Allah ya hore mana. Amma ka gaya wa mai haɗa maka tun farko cewa akwai mota a lissafi. Yunit 15 a rana yana son fanel mai wat 500 kamar guda bakwai ko takwas na motar kaɗai, banda na gida, da inbata da za ta iya riƙe sama da kilowat biyu awanni a jere ga firij ga fanka. Sannan ga abin da mutane ke mantawa, rana da rana take fitowa, motar kuma da rana tana kasuwa. In sai da dare za ka yi caji to daga batiran gida za ka kwasa, kuma su ne masu tsadar. In shagonka yana da rufi da wurin ajiye mota, wallahi gara ka sa fanel ɗin a can, ka jona da safe ka zare da la'asar.

Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka yi caji da ekstenshan na kasuwa. Na taɓa ganin wanda aka zaro ta taga aka jona wa mota, da safe robar bakin soket ɗin ta narke ta yi baƙi ta manne da filogi, ɗakin duk warin ƙonanniyar roba, kuma ɗakin yara ne. Dutsen guga minti goma yake jan wuta ya huta, mota awa bakwai take ja ba hutu. Ka sa mai wayarin ya ja mata layinta daban daga mita da waya mai kauri da bireka nata da at.

TAMBAYA: Ni kusan duk mako sai na je Abuja daga Kano na dawo, aikin kwangila nake. Wannan motar za ta yi min?

AMSA: Za ta kai ka lafiya ɗan'uwa, ta ma fi mai lantarki zalla kwanciyar hankali a wannan hanyar tunda ba ka neman wurin caji, RAV4 ɗin da tanki lita 55 da caji tana haura kilomita 900 a awon Amurka. Amma ni ba zan ba ka shawarar saye ba. Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, wutar za ta ɗauke ka 50 ko 60 a ciki, ba ma lallai ta kai ba a gudun babban titi, sauran duk fetur ne kana jan batir mai nauyi da ka biya kuɗi mai yawa a kansa. Wasu ma an rage musu tanki don a samu wurin batir, tsohuwar Outlander mai caji lita 45 ne tankinta alhali mai fetur zalla tana kai 60, wasu kuma an cire musu safaya taya, wanda a hanyoyinmu ba ƙaramin abu ba ne. Haibirid ta asali ce taka.

In kuma ka riga ka saya, ka koyi amfani da maɓallin ajiye caji. A Outlander an rubuta masa Save, a Volt Hold, a Toyota HV. Ka fita daga Kano da wuta, kana hawa babban titi ka danna shi injin fetur ya karɓa, ka riƙe cajin sai ka zo cunkoson Zuba ko na Kaduna ka saki. Akwai wani maɓallin kuma na sa inji ya cika batir kana tafiya, shi wannan mai yake ci sosai, kada ka mayar da shi al'ada.

TAMBAYA: Malam in mutum yana caji kullum bai taɓa fetur ba, man da ke tanki ba ya lalacewa? Daga wata malamar makaranta a Katsina.

AMSA: Malama kin yi tunani mai kyau, yana lalacewa in ya daɗe, kuma masu ƙera motocin sun san da haka. Tankinsu a toshe yake ruf don kada man ya riƙa tashi, shi ya sa sai kin danna maɓalli kin ɗan jira kafin murfin ya buɗe, kada yaron gidan mai ya ɓamɓare shi da ƙarfi. Volt in ta yi wajen mako shida inji bai tashi ba tana tada shi da kanta na ɗan lokaci don baƙin mai ya zagaya, in fetur ya kai shekara kuma sai ta fara ƙona shi. Outlander tana son a ƙara mata sabon mai duk wata uku, in ba a yi ba za ta tada inji ko da batir a cike. In kin ga haka ba lalacewa ba ce. Ki riƙa sayen kaɗan kaɗan maimakon cika tanki ki ajiye, baƙin mai kuma ki canza shi a kan lokacinsa ko da injin bai yi aiki sosai ba.

TAMBAYA: Injiniya na samu wata 'yar Kwatano mai caji, shekararta takwas, kuɗinta ya yi min sauƙi har ina mamaki. Me zan duba?

AMSA: Wannan mamakin naka ka riƙe shi, shi ne zai cece ka. Batir shi ne rabin kuɗin motar kuma ido ba ya ganin lafiyarsa. Kada ka yarda da lambar kilomita da allo ya nuna, ita tana bin yadda mai motar na baya yake tuƙi ne. Ka roƙi dila a cika ta a gabanka ko ka zo da safe bayan ta kwana a caji, ka sa mitar tafiya a sifili, ka kunna esi, ku zaga gari har injin fetur ya tashi da kansa ya zauna. Abin da mitar ta nuna shi ne abin da za ka saya. In takarda ta ce 50 ka samu 35 zuwa 40 a mota mai shekara takwas, ba laifi. In ka samu 15, to haibirid ce mai nauyi kawai ta rage, ka yi cinikinta a haka ko ka bari. Sannan a sa mata kwamfuta wajen wanda ya san haibirid ya duba ko ƙwayoyin batirin sun yi daidai da juna.

Ka leƙa ƙarƙashinta da tocila, yawancinsu batirin a nan yake kwance, ka duba lotsawa ko alamar an buga dutse. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarafunan ƙasan kujera ko akwai tsatsa ko busasshiyar laka, don motocin gwanjon Amurka da ambaliya ta ci suna shigowa, kuma ruwa da batir mai bolt sama da 300 ba sa haɗuwa. Ka tambayi yadda ake sanyaya batirin, wasu da iskar fanka ne wasu da ruwa wasu da gas ɗin esi, in mai esi ce to gyaran esi ya zama dole a kanka, in mai fanka ce ƙurar hunturu tana toshe matatar sai ana sharewa. Zafi ne ke tsufar da batir, ka saba ajiye ta a inuwa.

Wayar caji ma ka tabbatar tana ciki kuma ka karanta abin da aka rubuta a jikin akwatinta. Bakin cajin Amurka daban, na Turai daban, na Chaina daban, kuma wayoyin da ke zuwa da na Amurka da yawa na bolt 120 ne, wutarmu kuwa 230 ce, in ka jona haka za ka iya ƙona akwatin, motar ita kanta tana karɓar tamu, wayar ce za ka sake. Akwai kuma ƙaramin batir na bolt 12 irin na kowace mota, in ya mutu motar ba za ta kunnu ba ko da babban a cike yake, mutane da yawa sun firgita a kan wannan alhali abin mai sauƙi ne.

Kafin ka biya ka je ka nemo bakaniken da zai riƙa duba maka ita a garinku, ka tambaye shi ya taɓa buɗe irinta, kuma daga ina yake samo kayanta. Duk waya mai launin lemo da ka gani a cikin bonet ko ƙarƙashin motar ta babbar wuta ce, kada kai ko yaran gareji ku taɓa ta. Ka turo min sunan motar da shekararta da kilomitan da ka samu a gwajin, in sha Allahu a fitowa ta gaba zan gaya maka ko kuɗin da aka sa mata ya dace.